Yaƙin Ƙanƙara a Bayan Shagon Mai Fenti

Duk allon da ke layin nan, daga na mai wanki har na mai sayar da magani, hannu ɗaya ne ya rubuta shi. In ka tambayi mai hannun za a nuna maka shagon ƙarshe kafin kwana, inda tsani ke jingine da bango. Mai Fenti ake ce masa, har matarsa ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Dogo ne marar jiki, furfura ta ci rabin kansa, ƙarƙashin faratansa kuma akwai wani shuɗi da sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Mutum ne mai juriya, yana iya ɓata wuni guda a kan harafi ɗaya bai ce uffan ba. Abu ɗaya ne tak ya tsaya masa a maƙoshi shekara da shekaru: tun da suka fara yaƙin tebur da ƙanin matarsa bai taɓa cinye shi ba. Ko sau ɗaya, ko da bisa kuskure.

Yaƙin tebur wasa ne, amma kada ka faɗi haka a gabansa. Tsakanin shagon da cikin gida akwai wani ɗaki da a da ake tara gwangwanayen fenti, tagarsa na kallon kicin. A nan ya kafa wani faffaɗan tebur, ya gina masa tuddai da kwali da gam, ya ja kogi da shuɗin fenti, ya dasa itatuwan soso, ya yi ɗan gari mai ganuwa a kowane gefe. A kai ake jera 'yan sojojin roba, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, an manna su sahu-sahu a kan siraran katako. Da rula ake auna tafiyarsu, a jefa ɗan lido a ga ko harbi ya samu ko ya kuskure. Wani tsohon malamin makaranta da ya taɓa zaman haya a gidan ne ya koya musu, da zai koma garinsu ya bar musu sojojin cikin kwali, farare fat ba launi. To, ka ba mai fenti abu fari ka ce ya zuba masa ido? Ya zauna da buroshin da gashinsa bai fi na gira ba, ya yi wa rabi shuɗin kaya irin na tutar ƙasarsa, rabi kuma jan kaya irin na ƙasar da ke tsallaken iyaka, inda matarsa da ƙaninta suka fito. Da hannunsa ya jawo wa kansa.

Ita matar ɗinki ne ya kawo ta garin tun tana budurwa. Ta buɗe shago, ta kira shi ya rubuta mata allo, ya rubuta. Bayan 'yan kwanaki ya dawo wai harafi ɗaya ya karkace. Ya sake dawowa wai rana ta cinye jan. Allon nan ya sha gyara har nauyin fenti ya fara fin ƙarfin ƙusoshinsa, ita kuma ta gaji ta ce masa in da magana a bakinsa ya sauko daga tsanin ya yi ta. Ya sauko, amma maganar ta ƙi fita, sai da ta taya shi. Haka aka yi auren. Duk wanda ya san wannan labari ya gama sanin Mai Fenti, hannu gwani ne, baki kuwa sai a hankali.

Ƙanin nata biki ya zo da jaka ɗaya, ya ga garin ya yi masa, ya yi zamansa. Motar haya yake ja, shi ya sa kowa ke ce masa Direba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ya saba wuni yana cacar baki da fasinja da masu lodi, harshensa kullum a wase yake. Yadda yake tuƙi haka yake yaƙi. Ya tara mahayan dawakinsa gaba ɗaya ya kwararo su ta gefe, kafin Mai Fenti ya gama saita igwa an riga an tarwatsa shi. Na ukunsu mai aski ne na tsallaken titi, wanda ke rufe shagonsa duk Asabar da rana ya zo ya raba gardama. Shi ya sa a ɗakin nan Alƙali ake ce masa.

Su ukun suka ƙara wa wasan wata ƙa'ida da tsohon malamin bai koya musu ba. Kafin mutum ya jefa ɗan lido yana da damar ya yi wa ƙasar abokin gabarsa ba'a guda. In Alƙali ya yi dariya, to in jifar ba ta yi kyau ba ana bari ya sake. Ba a taɓa iyaye, ba a taɓa addini, ba a taɓa matattu, amma titi da ƙwallo da jirgin ƙasa da wutar lantarki duk an yarda a ci su yadda ake so. A nan matsalar take.

"Mijin Yaya," Direba zai ce yana kaɗa ɗan lido a tafin hannu, "na ji 'yan ƙwallonku sun tafi gasa. An ce matuƙin jirgin ko inji bai kashe ba, ya san yanzu za su fito."

Alƙali ya tuntsire. A sake jifa.

"Ku ma ai haka ne," in ji Mai Fenti.

Direba ya ci gaba: "Jiya wani baƙo ya tambaye ni hanyar asibiti. Na ce ka wuce rami uku, na huɗu mai ruwa a ciki ka yi dama. A ƙasarku ai da ramin titi ake kwatance. Mu a can titi har barci yake sa direba don santsi."

"Ku ma ai haka ne."

Wannan "ku ma ai haka ne" ita ce kaɗai makamin bakinsa, kuma ko jariri ba ta taɓa sa wa dariya ba, balle mai askin da ya ji ba'ar duniya ya ƙoshi. Ba wai Mai Fenti ba shi da basira ba ne. Amsa tana zuwa masa, mai zafi ma kuwa, sai dai tana zuwa ne a tsakiyar mako, yana saman tsani da buroshi a baki. Ya taɓa riƙe wata ya yi ta bitarta har Asabar. Da lokaci ya yi ya faro ta daga ƙarshe, ya koma ya gyara, ya tsaya yana bayanin inda abin dariyar yake. Alƙali ya dube shi da tausayi ya ce, "Jefa kawai, maigida." Wannan tausayi ya fi shan kashin yi masa ciwo.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne in an gama. Direba zai ɗauki shuɗin soja ɗaya ya juya shi a haske ya ce, "Wallahi sojojinku da kyau, har maɓallin riga an yi musu. Saura su koyi harbi." Shi kuma ya kwashi nasa da na jajayen duka, don duk aikin hannunsa ne, ya share musu ƙura ya mayar kwali, yana cika yana batsewa.

Ana cikin haka zamani ya juya wa sana'arsa baya. Aka kawo injin da ke buga allo a kan leda kafin ka gama shan ruwa, har da hoton mai shagon yana murmushi. Aiki ya ragu, sai lambar gida da bayan babbar mota da allon makarantar da ya koɗe. 'Ya'ya sun girma kowa ya kama gabansa. Mai Fenti ya samu lokaci mai yawa, kuma mutumin da ke da lokaci da haushi tare ba abin da ba zai ƙirƙiro ba. Wata rana yana zaune a shagon aski ana yi masa gyaran fuska, talabijin ya nuna wata runduna ta zamanin da da dusar ƙanƙara ta ritsa da ita a daji. Dawakai sun nutse har ciki, mahaya sun sauka suna jan su, masu ƙafa kuwa sun takure gefen wuta sun fi kowa lafiya. Ya zabura har reza ta kusa yanka shi.

"Lafiya?" in ji mai aski.

"Doki ba ya gudu a ƙanƙara," in ji Mai Fenti. 

Al'adarsu ce wanda ya gina fili shi ke faɗin yanayinsa, kuma shi kaɗai ke gini. Ya zage damtse. Bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, Direba ma haka, amma wannan bai hana shi komai ba. Ya fara barbaɗa garin fulawa a kan tuddan, kafin gari ya waye ɓeraye sun ci rabin filin daga sun bar masa sawu. Ya koma gishiri, gishiri ya jawo laima ya jiƙa kwalin, tudu guda ya zauna. Ya gwada auduga, sojoji suka ƙi tsayuwa a kai. Ƙarshe ya je wurin kafinta ya kwaso dusar katako, ya tankaɗe ta, ya cuɗa da farin fenti, ya shanya a tsakar gida kusa da wankin matarsa. Iska ta taso. Abin da ta faɗa masa ranar nan ba na maimaitawa ba ne.

Da fili ya yi fari tas sai ya ce saura ya san sanyin kansa, don ba ya son a ce ya yi doka da ka. Ya je wurin mai sayar da kifi ya roƙa a rufe shi a ɗakin sanyi na ɗan lokaci. Ya shiga da buroshi ya gwada jan layi a jikin kwali, yatsu suka ƙage, layin ya fito kamar sawun kaza. Da ya ji ya isa ya buɗe baki zai kira a buɗe masa, sai haƙora suka hau kaɗawa, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya ta ƙi fita daidai. Sai da ya bugi ƙofa da ƙafa. Ya fito leɓe ya yi fari, hanci na zuba, amma yana murmushi har kunne. Mai kifin ya ɗauka sanyin ya taɓa masa kai.

Mura ta kwantar da shi. Yana miƙewa ya ɗauko baƙin allo ya rubuta dokokin da farin fentin mai, da irin haruffan da yake yi wa manyan kantuna. Doki a ƙanƙara rabin tafiyarsa yake yi. Sahun da zagaye ya ƙare yana nesa da wuta, a jefa masa ɗan lido a ga mutum nawa sanyi ya ɗauke. Wutar kuwa ɗan ƙullin auduga ne da ya tsoma a jan fenti, kuma ba a kunna ta sai a gindin itace. Kogi ya daskare, mai ƙafa ya taka ya wuce, igwa ta hau ta burma. Sahun da keken abinci bai iso masa ba ba ya harbi. Can ƙasan allon kuma, da ƙananan haruffa, shi da bai saba ƙaramin rubutu ba, ya sa ta ƙarshe: a cikin ƙanƙara baki daskarewa yake yi, don haka daga an yaye zanen tebur har a rufe shi, mayaƙin da ya yi magana a cire masa sahu guda.

Gaskiya dai a faɗe ta, dokokin sama na yaƙi ne, ta ƙasan nan kuwa ta mugunta ce, kuma shi ma ya sani.

Ranar Asabar ya jingina allon da bango. Alƙali ya karanta yana shafa haɓa.

"To ni kuma me zan yi, maigida, in ba ba'a?"

"Ka riƙa kwashe gawa."

"Doka dai ta hau kanku ku biyu, ba zalunci a ciki. Amma ka sani fa, fentin mai ka sa. Ba gogewa sai an gama yaƙi."

"Na sani."

Direba ya karanta a hankali, ya kai ƙasan allon, ya ɗago ya dubi mijin yayarsa.

"Ashe abin ya kai haka, Mijin Yaya? To bari in yi ta bankwana. Ƙasar da ba ta iya riƙe wa firiji wuta ta wuni ɗaya ba, ita ce yau ta kawo mana ƙanƙara."

Alƙali ya yi dariya har da riƙe tebur. Daga tagar kicin ma aka jiyo dariyar mace. Sannan Direba ya sa yatsu biyu ya ja a kan leɓensa, aka yaye zane.

Dabarar ta yi aiki, har ta fi yadda ya zata. Direba ya kwararo dawakinsa yadda ya saba, suka maƙale a tsakiyar fili inda ba itace ba wuta. Ɗan lido ya fara yi musu ɗauki ɗai-ɗai, ba ba'ar da za ta ba shi damar sake jifa. Alƙali yana tsince su yana zubawa a kwali. Shuɗayen Mai Fenti kuwa suna matsawa taku-taku daga wannan itace zuwa wancan, keken abincinsu a bayansu, ba wanda ya yi ko atishawa. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ɗago don ya ga fuskar wanda ake lallasawa, ya tarar da Direba ya kaɗa masa kai a natse, ko gezau.

Yaƙin sanyi ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Da yamma ta yi aka rufe tebur sai wani mako. Mai Fenti ya gyara tsayuwa yana jiran duk abin da aka tara masa ya zubo. Direba ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Mijin Yaya. Dabararka ta yi." Ya leƙa kicin ya yi wa yayarsa sallama, ya tafi. Tun da suke tare bai taɓa yi masa ladabi irin wannan ba, kuma Mai Fenti bai ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Haka Asabar ta bi Asabar. A ɗakin da a da maƙwabta ke bugo bango don hayaniya, yanzu ba ka jin komai sai ƙarar ɗan lido da gurnanin fanka. Alƙali ya fara da hamma, ya koma gyangyaɗi, har ta kai in ana son ya kwashe gawa sai an zungure shi da rula, tunda ba damar kira. Wata rana bayan an rufe tebur ya ce, "Maigida, ni fa don in yi dariya nake kulle shagona. In zaman makoki ne, ai unguwa ba ta rasa shi."

"Saura kaɗan," in ji Mai Fenti.

Wanda ya fi ba shi haushi Direba ne. Dokar ta cikin ɗaki ce, amma mutumin nan ya ɗauke ta ya fita da ita har titi. Ya gaishe shi da girmamawa, ya tambayi aiki, ya tambayi mura, ya wuce. Washegarin ranar da aka yi wa 'yan ƙwallon ƙasar Mai Fenti cin kaca, shi da kansa ya taka har tasha ya same shi yana goge gilashin mota.

"Direba, ka ji abin da aka yi mana jiya?"

"Ayya, na ji. Sun yi ƙoƙari ai. Allah ya kiyaye gaba."

Mai Fenti ya tsaya baki buɗe. Ya kawo ƙasarsa a faranti ya miƙa, an ce an ƙoshi. Ya juya ya dawo gida yana tsaki shi kaɗai, har wani mai keke ya tsaya yana tambayar ko da shi ake.

Da la'asar ɗin ranar yana tsugune a tsakar gida yana wanke buroshi da kananzir, matarsa na kan keken ɗinki. Ta tsayar da ƙafa.

"Mai Fenti."

Da ya ji sunan ya san akwai magana.

"Wai wa ya mutu a ɗakin nan naku?"

"Doka ce ta wasa. Ke ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Bari in faɗa maka abin da kai ba ka gane ba. Iyayenmu sun rasu, yara sun watse, rabona da gida na manta. Yaron nan in ba'a ta ɗebe shi harshenmu na can ne ke fitowa a bakinsa, muryar babanmu sak. Duk Asabar ina kicin ina yanka albasa ina ji ta taga. Ita ke nan min. Yanzu sai ƙwas-ƙwas ɗin ɗan lido."

Maganar ta soke shi, har ya ji kunya. Amma ya yi ta maza, ya ci gaba da murza buroshi.

"Bari in ci sau ɗaya," ya ce. "Sau ɗaya tak a rayuwata. Daga nan in kankare allon da kaina."

"To ci," ta ce, ta mayar da ƙafa kan keke.

Asabar ɗin da za a ƙare ta zo. Jajaye sanyi ya gama da su, ba abin da ya rage wa Direba sai mahayi guda a can bakin daskararren kogi. Shuɗaye sahu uku ne, suna dab da ganuwar garin jajaye. Matsi biyu da jifa ɗaya, a shiga gari, yaƙi ya ƙare. Mai Fenti ya yi wanka ya sa rigarsa ta fita unguwa.  Ba abin da ake nema gare shi sai ya yi abin da ya fi kowa iyawa tun yana yaro, wato ya yi shiru.

Ya matsa sahunsa, ya koma ya zauna. Zagaye ya zo kan Direba. Ya miƙa hannu zai motsa mahayinsa, dokin ya kife a cikin dusa, ashe ƙafarsa ta gaba ta tsage. Ya tayar da shi, ya sake faɗuwa. Ya sake tayarwa, ya tokare shi da ɗan yatsa ta baya, ya shiga tura shi a hankali cikin farar dusar, yana cije leɓe irin na mai tura motar da batirinta ya mutu.

Nan fa abin da bai taɓa faruwa ba ya faru. Magana ta zo wa Mai Fenti, cikakkiya, da kanta da ƙafarta, kuma a kan lokaci. Ya datse haƙora. Ya dubi rufi. Ya dubi allon dokokin da ya rubuta da hannunsa. Ta hau ƙirji, ta hau maƙoshi, ya haɗiye ta ƙi komawa.

"Ko dokin roba ne," ya ji bakinsa yana cewa, "in dai na ƙasarku ne, sai an tura yake tashi."

Alƙali da ke rabin barci ya farka da wata irin dariya da ta sa kujera ta kusa kifewa da shi. Ya yi ta bugun cinya, ƙwalla na zuba. Yana share ido ya miƙa hannu ya ɗauke sahu guda na shuɗaye.

"Doka ce, maigida."

Mai Fenti ya toshe bakinsa da tafi. Ba komai, sahu biyu ma sun isa. Direba kuwa kafaɗunsa sai rawa suke yi, amma bai ce uffan ba. Ya miƙe tsaye, ya ƙame, ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗaga haɓa, wai yana karrama waɗanda suka faɗi.

"Zauna don Allah, kada ka faro mana taken ƙasarku," in ji Mai Fenti ta tsakanin yatsunsa. "Ƙanƙarar nan za ta narke kafin ku kai baiti na biyu."

Wannan karon Alƙali kasa magana ya yi, da hannu kawai ya nuna allo, ya ɗauke na biyu.

Saura sahu ɗaya, yana bakin ƙofar gari.  Mai Fenti ya zagi kansa a zuci, ya zagi harshensa da ya kwana shekaru yana barci bai tashi farkawa ba sai yau. Ya matsa sahun, ya ɗauki ɗan lido. Jifa ɗaya, kusan duk abin da ya fito ya wadatar.

Sai ga matarsa a bakin ƙofa da tiren shayi, ita da ba ta taɓa shigowa ana wasa ba.

"Wa na ji yana taɓa taken ƙasarmu?" ta ce. "Ku da naku kamar ana lallashin jariri?"

Fuskarta a sake take, rabon da ya gan ta haka tun kafin ya shanya dusa kusa da wankinta. Ta ajiye tiren a gefen tebur ta tsiyaya masa, shayin ya fito fari-fari don gaggawar da ta yi ta zo ta ji. Ya dubi kofin. Ya dubi sahunsa na ƙarshe, shuɗayen da ya yi wa maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ɗan lido na cikin tafinsa ya yi ɗumi. Ita kuma ta tsaya ta riƙe ƙugu tana jiran amsa. Har yau bai san ko maganar kuɓuce masa ta yi ko shi ya sako ta da gangan ba.

"Wannan kuma shayin ƙasarku ne? Ruwan zafin da aka nuna wa ganye daga nesa?"

Alƙali ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Daga nan inda yake ya laluba ya ɗauke sahun ƙarshe. Da numfashinsa ya dawo ya dubi farin filin, ba kowa a kai sai mahayi guda a kan gurgun doki, ya ce, "Jajaye sun ci."

Direba ya saki wani ihu da ya tara tun ranar da aka yaye zane. Magana ta ɓalle masa da harshensu na can, yana yi yayarsa na ƙara masa, har suna katse juna: rundunar da sanyi bai kashe ba surutu ya kashe ta, janar ɗin da ya kafa doka ya faɗa ciki da kansa, ƙasar da doki mai ƙafa uku ya ci da yaƙi. Maƙwabci ya bugo bango.

Kada wani ya ce maka Mai Fenti ya ji daɗi. Haushi ya ji, na gaske, irin mai sa ido ya yi ja. Ya tuna ɓeraye da gishiri da ɗakin kifi da murar da ta kwantar da shi, ya tuna jifa ɗaya ce ta rage, kuma ya san irin wannan dama ba ta dawowa, don Direba ba zai sake yarda a rufe masa baki ba har abada. Ya buɗe tafinsa ya ajiye ɗan lidon da bai jefa ba. Ya ɗauki shayin ya kurɓa, ga shi kuwa ba ganye, kamar yadda ya faɗa.

Da hayaniya ta lafa Direba ya ɗauki dokin da yatsu biyu, ya hure masa dusa, ya miƙo masa.

"Mijin Yaya, jarumin ƙasarmu ya karye. Wa zai gyara shi in ba kai ba?"

Mai Fenti ya harare shi. Ya ja dogon tsaki. Sannan ya karɓi dokin ya matsa wajen taga ya juya shi a haske.

"Gam kaɗai ba zai riƙe ba, sai an sa masa waya a ciki," ya ce. "Jan rigar ma ya koɗe. Miƙo min ƙaramin buroshin nan."